Takunkumi ya tare hanyar biyan bashi: shin bashin ya faɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Legas, ina sarin kifin ƙanƙara a Ijora. Na karɓi kaya bashi daga wani kamfani na Rasha, ciniki da dala. Kaya sun sauka Apapa, na sayar, amma banki ya ƙi tura kuɗin saboda takunkumi. Wani ya ce mu yi takardu mu nuna daga wata ƙasa kifin ya fito. Wani kuma ya ce tunda ƙasarsu ce ta ja yaƙi, kuma ba Musulmi ba ne, in riƙe abina. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, bashin nan yana wuyanka. Allah ya ce a cika alkawura (Ma'ida, aya ta 1), bai ware na wanda ba Musulmi ba. Daren hijira Annabi (SAW) ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu, alhali su ne ke neman ransa. To balle mai kifin da bai harbi kowa ba.

Ka san kuma irin takunkumin. Bayan Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022, Amurka da Tarayyar Turai da Birtaniya suka ƙaƙaba shi, aka cire wasu bankunan Rasha daga SWIFT, hanyar da bankuna ke aika wa juna saƙon kuɗi. Ba na Majalisar Ɗinkin Duniya ba ne, Najeriya ma ba ta hana cinikin ba. Bankinka tsoro yake ji, domin dala sai ta ratsa bankunan Amurka kafin ta isa, kuma ba ya son a toshe masa wannan ƙofa. Saboda haka cinikinka halal ne, kuma jinkirin da aka tilasta maka ba shi ne taurin bashin da hadisi ya kira zalunci ba. Wancan na mai hali ne da ya ƙi biya.

Takardun bogi haramun ne. Ƙarya ce da algus, Annabi kuwa ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Kana kuma jefa ma'aikacin bankin da ya sa hannu cikin masifar da bai san da ita ba. Ko da kana ganin takunkumin zalunci ne, kuma sau da yawa talaka ne ke shan wuyarsa ba mai mulki ba, wannan bai halatta maka shaidar zur ba.

Mafita tana nan. Ku daidaita da kamfanin a kan wani kuɗin da ba dala ba, ko wani bankin da takunkumin bai shafa ba, komai da sunansa na gaskiya. Ibn Umar yana sayar da raƙuma da dinari ya karɓi dirhami, Annabi (SAW) ya ce masa babu laifi in da farashin ranar ne, kuma kada su rabu da saura a tsakaninsu. Ke nan canjin ranar biya za a bi, ba na ranar da kaya suka sauka ba. Na san nan ne ciwon yake: dalar da a hukumance ba ta kai naira 500 ba a 2022 ta haura 1,500 a 2024. Amma da dala ka ci bashi, faɗuwar naira taka ce, sai in sun yafe maka wani abu don kansu.

Ba da kuɗi a Legas don wakili ya biya a can, malamanmu na Malikiyya sun ƙi shi a asali, amma Shehu Halil, mai littafin fiƙihu na Mukhtasar, ya togace lokacin da tsoro ya game hanyoyi. Ina ganin halinka ya shiga nan, muddin ta hannun mai lasisi ne, ba a saɓa dokar Babban Banki ba.

Kafin hanya ta samu, kana iya juya kuɗin, tunda bashi ne ba ajiya ba. Riba taka, hasara taka. Sai dai ka rubuta adadin da dala, ka sa shaidu biyu, ka sanar da magadanka, don a fitar da shi kafin rabon gado in ta Allah ta kasance. Wallahu a'alam.