Saƙa cikin jirgin sama: tambayoyinku da amsoshinmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan tashi daga Damagaram zuwa Yamai, daga can in wuce Faransa wajen ɗiyata da ta haihu. Ina so in ƙarasa wa jikana hula da safa a hanya. Za a bar ni in shiga da alluran saƙa? Daga wata Hajiya, unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya. Hukumar binciken fasinjoji ta Amurka, TSA, da hukumomin Ingila sun yarda a sa alluran saƙa cikin jakar hannu. Amma ko a Amurkar, jami'in da ke gaban na'urar bincike shi ke yanke hukunci, kuma ke za a bincike ki a Damagaram, a sake a filin jirgin Diori Hamani na Yamai, haka ma ranar dawowa. Sai ki shirya kamar za a iya karɓewa.

Dogayen alluran ƙarfe su tafi cikin babban akwati. A hannu ki riƙe na gora ko na roba, mafi kyau gajeru biyun nan da igiyar roba ta haɗa. Ba sa tsikarar maƙwabci, kuma ɗaya ba za ta faɗi ƙarƙashin kujera ta ɓace ba. Kwarashi ma ya fi allura sauƙin wucewa, in kin iya da shi.

Abin da mata da yawa ke mantawa shi ne wannan: tun a gida ki zura wani zare mai santsi, mai launi daban, ta cikin dukkan madaukan da ke kan allurar, ki ɗaure bakinsa biyu. In an ce ki miƙa allurar, sai ki zare ta, saƙar ta tsaya a kan zaren. In ba haka ba, madaukan su zube, aikin ya warware layi bayan layi.

Almakashi kuwa, ƙa'idar Turai ba ta yarda bakinsa ya wuce santimita 6 daga ƙusa ba. Abin yankan farce yana yanke ulu sarai, shi muka fi so. Reza kada ma ta kusanci jakar hannu.

Tambaya: Ƙwallon uluna kan gangara ya bi ƙafafun mutane. Mene ne dabara? Daga wata matashiya, Sabon Gari.

Amsa: Ƙanwarmu, ki sa shi cikin ƴar jaka mai zif, ki bar ƙaramar kafa, ki jawo zaren daga tsakiyar ƙwallon don kada ya riƙa juyawa. Ƙwallo ɗaya na giram 50 ya isa hular jariri. Ki zaɓi launi mai haske, don in an rage fitilu da dare baƙin ulu ba ya ƙirguwa. Lokacin tashi da sauka, ko jirgi ya fara girgiza, ki toshe bakin alluran ki mayar da su jaka.