Kariya a tsakar gida mai rana: amsar tambayoyinku

Wata Hajiya daga Katsina tace tsakar gidanta rana ce tun safe har yamma, ƙasar kuma rairayi, duk fulawar da ta siyo sai ta ƙone, me zata shuka?

Hajiya ki nemi kariya. Ita ɗin dai tamu ta daji, mai ƙaton gindi da fure jaja-jaja mai fari a ciki, masana na ce mata Adenium. Wannan gindin da kike gani tanki ne, a nan take ajiye ruwa, shi yasa ranar da ke ƙone sauran fulawa ita bata dame ta ba, hasalima in kika sa ta a inuwa sai tayi ta tsawo siririya ba fure. Shekaru take yi, kuma in kina datse kanta ba zata wuce gwiwa ko ƙugu ba, sai rassa.

Wani ɗan uwa kuma yace tasa ta yi laushi a gindi, ganye na zuba, alhali kullum sai ya bata ruwa.

To ai Malam ruwan ne ya kashe ta. Wallahi yawancin kariyar da nake gani ta mutu a gidaje ba ƙishi bane, kulawa ce tayi yawa. Ka tono ta, ka yanke duk inda ya ruɓe da wuƙa mai tsafta, ka barta a inuwa kamar kwana 5 zuwa 7 ciwon ya bushe sannan ka mayar. Ƙasar ka haɗa yashi kashi 2, ƙasa kashi 1, ɗan ruɓaɓɓen taki da gutsattsarin gawayi. In tukunya ce lallai a huda gindinta, in a ƙasa ne ka ɗaga wajen kamar kunya saboda ruwan Agusta, nan ne haɗarin yake. Da rani ka tura yatsa, in akwai danshi kar ka zuba. Zubar ganye lokacin hunturu kuwa al'adarta ce, sau da yawa ma a lokacin take fure reshe tsirara.

Mai tambaya ko kariya tana yin iri: eh ana cewa ƙarya fure take bata 'ya'ya, amma ita kariya takan yi kwanso biyu kamar ƙaho, in ya fashe irin mai gashi ne iska ke kwashewa, don haka ka ɗaure shi da zare kafin ya bushe. Ta iri ita ke yin gindi mai kyau, ta reshe tafi saurin fure, shima reshen a shanya shi kwanaki kafin a dasa.

Dan Allah ku kula da ruwan jikinta, guba ne, mafarauta na dafin kibiya dashi. A sa safar hannu ko leda wajen yanka, kar ya taɓa ido, kuma a nesanta ta da inda yara ke wasa da turken awaki.