Me ya haɗa tiyatar baya da sagewar cinya?

'Yar'uwa, kin ce za a yi wa maigidanki aikin ƙashin baya ta gefen cikinsa, likita kuma ya ce cinyarsa na iya sagewa, kina tambayar me ya haɗa baya da cinya. Na daɗe ina aiki a ɗakin tiyata, ga abin da na gani.

Akwai wata tsoka mai kauri, sowas, kwance a kowane gefen ƙashin baya na ƙugu, ta gangara har saman ƙashin cinya. Da ita mutum yake ɗaga cinya. Ƙasusuwan bayan ƙugu biyar ne, ana kiransu L1 zuwa L5 daga sama zuwa ƙasa; jijiyoyin laka da ke fitowa daga L1 zuwa L4 a cikin tsokar suke saƙuwa kafin su rarrabu. Mai shiga ta gefe kuwa dole ya ratsa ta kafin ya kai ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwan.

A can sama jijiyoyin suna maƙale ta bayan tsokar, likita na da fili. Suna gangarowa suna matsowa gaba, sai ka zo tsakanin L4 da L5 ka tarar da babbar jijiyar cinya, wadda ke miƙe gwiwa, ta tare hanya. Nan ne kowa a ɗakin yake yin shiru. Akwai kuma wata siririya da ke huda tsokar ta gaba, ita ke kai ji matsematsi da saman cinya.

Yankewa ba ita ce ta fi yawa ba. Dannewa ce. Ƙarfen da ke buɗe tsokar in ya daɗe, jijiya ta gaji. Shi ya sa na fi yarda da likitan da ke duban agogo, wanda kuma ke sa a lanƙwasa cinyar mara lafiya don tsokar ta saki. Na'urar gwajin jijiya tana taimakawa, amma jijiyoyi masu motsa tsoka take kamawa, masu kai ji da taɓi sukan wuce ta. Na ga aikin da na'ura ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba, mutum ya farka cinya a sage.

Yawanci sagewar da raunin ɗaga ƙafa suna wucewa cikin makonni ko 'yan watanni. Ki tambayi likitan tsakanin waɗanne ƙasusuwa zai yi aikin, da ko hoton MRI ya nuna ta gaban tsokar za a iya bi. Bayan aikin, in gwiwa ta ƙi miƙewa, ku sanar da shi ranar. Allah ya ba shi lafiya.