Tambaya da Amsa: Ɗaukar Kare a Bayan A-kori-kura

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a Agege da ke Legas, kuma maigidana yakan aike ni in kai karnukan gadi biyu gonarsa da ke Ikorodu. Nakan sa su a bayan a-kori-kura, in ɗaure su da igiya a jikin ƙarfen bodi. Wani abokin aikina ya ce ganganci nake yi. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abokin naka ya faɗa maka gaskiya, kuma igiyar da ka dogara da ita ce ta fi tayar mini da hankali. Idan tana da tsawo, kare ya razana da hon ɗin danfo (bas ɗin haya) ko ya hango ɗan'uwansa a gefen titi, yana iya tsallake bodin ya rataye ta wuya, ko motar ta riƙa jan sa a kwalta alhali kana gaba ba ka sani ba. In kuma ka bar shi sake, ba shi da hannun riƙe komai, birki ɗaya a Ketu ko Mile 12 ya isa ya wurga shi waje. Jikin da ya bar mota tana gudun kilomita 60 a awa yana tafe ne da saurin abin da ya faɗo daga tsayin mita 14, kuma direban da ke biye da kai zai kauce masa ba shiri, wataƙila ya afka wa ɗan acaɓa.

Akwai kuma zafi, wanda mutane suka fi rainawa. Kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake rage zafin jikinsa. Zafin jikin lafiyayyen kare yana wajen maki 38 zuwa 39 a ma'aunin Celsius, idan ya haura 41 kuwa rayuwarsa na cikin haɗari. Ka tuna yadda ƙarfen bodi yake ƙuna da tsakar rana a watan Maris, sannan ka ƙiyasta awa guda cikin cunkoson Ojota, kare yana tsaye a kansa da dagi tsirara, ga hayaƙi, ga ƙura na shiga idonsa. Dabba ce da aka ba ka amana, kuma mun san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Ka nemi maigida ya sa maƙeri ya ƙera keji biyu masu wadatar iska, kowanne ya ishi kare ya miƙe tsaye ya kuma juya. A ɗaure su tamau a kusa da kan motar, a shimfiɗa katako ko roba a ƙasa, a yi inuwa a sama ba tare da an toshe iska ba. Ka fita da asuba, ka riƙe ruwa a galan. Idan ka ga haki ya tsananta, yawu na dalala, kare yana tangaɗi, ka tsaya a inuwa, ka jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, ka garzaya da shi wurin likitan dabbobi. Tun kafin tafiya ta gaba, ka tambayi maigida ko an sabunta musu allurar rigakafin ciwon haukan kare.