Gyara babu suna ba ɓuya ba ne

Ka ce: "Maigida, wanda ya gyara rubutu a Wikipedia bai buɗe asusu ba, ai babu mai gane shi ko? Kuma me ya sa aka hana kwamfutocin shagon da muka ɗaura wa rawuta a Kawo yin gyara, alhali ba su yi ɓarna ba?"

To yaro, ajiye filayar nan ka saurara. Tambayoyin biyu saiwarsu ɗaya, adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet.

Lambar da kake gani a kwamfutar shago, irin 192.168.1.5, ta cikin gida ce, rawuta ce ta raba ta. Wadda duniya ke gani ita ce ta waje, ta kamfanin layi. Shekara da shekaru, duk wanda ya yi gyara babu asusu, lambar nan ake rubutawa a tarihin shafi a madadin sunansa. Kowa na iya kwafarta ya duba a WHOIS, manhajar binciken mai lamba, rajistar AFRINIC, hukumar raba lambobin IP a Afirka, ta nuna masa kamfanin da ke da ita. In layin ofis ne mai lambar da ba ta canzawa, an gama. A 2007 Virgil Griffith ya fito da WikiScanner, ya haɗa lambobi da masu su, asirin kamfanoni da hukumomin da ke wanke kansu a ɓoye ya tonu. Ka ga mai asusu da sunan aro ya fi marar suna rufin asiri.

Yanzu Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta kawo asusun wucin gadi ga masu gyara babu asusu. Sunan yana farawa da alamar ~ da shekara, yana zaune kwana 90 a kukis, ƙananan bayanan da burauza ke ajiyewa. Jama'a ba sa ganin lambar, amma sabar tana riƙe ta kwana 90, kuma masu izini suna iya dubawa. Kamfanin layi kuwa ya san mai sim, tunda an haɗa shi da NIN.

Sai maganar toshewa. Lambobin IPv4, tsohon tsarin IP, ba su wuce biliyan 4.3 ba, sun yi kaɗan, don haka kamfanonin waya ke cusa mutane da yawa a bayan lamba ɗaya. Shiga rawutar ka duba WAN, wato ɓangaren layin waje: in ka ga farkon lambar tsakanin 100.64 da 100.127, tarayya kuke yi. Wani can a Zariya ya yi ɓarna, bulala ta sauka a Kawo.

In ka koma shagon, fara karanta sanarwar toshewar, ka rubuta lambar da dalilin. Kashe VPN ko Tor, manhajojin ɓoye lamba, don Wikipedia na toshe su da gangan, kuma nan ne masu shago suka fi faɗawa. Sannan mai gyara ya shiga da asusunsa, yawancin toshewar lamba marasa asusu kawai take kamawa. In ta kama har masu asusu, ya nemi a keɓe asusunsa daga toshewar IP. Kashe rawuta a kunna yakan sauya lamba, amma in zangon lambobi guda aka toshe, aikin banza ne.

Kwamfutar haya kuma, saita burauza ta goge kukis duk lokacin da aka rufe ta. In ba haka ba, wanda ya zauna bayan wani da sunan wucin gadin na farko zai yi gyara, laifin wannan ya hau kan wancan.