Me ya sa dogayen ɗalibai ke zaɓar ƙwallon raga?

Malam, ka ce ɗanka dogo ne a sakandare, kowa na tura shi ƙwallon kwando, shi kuwa ƙwallon raga yake so. Zaɓinsa yana da dalili.

A ƙwallon kwando sai an yi gogayya, ƙirji da ƙirji a ƙarƙashin kwando. Yaron da ya yi tsawo kafin jikinsa ya cika, ture shi ake yi. A ƙwallon raga, ragar ta raba ɓangarorin biyu, babu mai taɓa shi. Tun asali ma wani malamin motsa jiki, William Morgan, ya ƙirƙiro wasan a 1895 a Amurka don waɗanda ƙwallon kwando ya yi wa tsanani. Ragar maza mita 2.43 ce, ta mata 2.24. Dogo yana daka tsalle, tafukansa sun haye ta, ya tare bugu ko ya sauke ƙwallo ƙasa. Tsawonsa ya yi masa rana tun makonnin farko.

Kada ka ɗauka tsawo kaɗai ya isa. Dole ya koyi karɓar ƙwallo daga ƙasa, inda dogaye suka fi shan wuya. Yawan tsalle kuma yana cin gwiwa, bugu yana cin kafaɗa. In ya fara kukan ciwo ƙasan ƙoƙon gwiwa, a dakatar da atisaye, a kai shi wurin likitan ƙashi.