An Ƙara Kuɗin Fakin a Bakin Shagona: In Tashi ko In Zauna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan abincinmu na gida a wani gari a tsakiyar Ingila, ina sayar da shinkafa, doya, manja, busasshen kifi, daddawa da su kuka. Hukumar garin ta fitar da daftarin kasafin kuɗinta, ta ce za ta soke fakin ɗin kyauta na minti 30 a titinmu, kuɗin awa ɗaya kuma zai tashi daga fam 1 zuwa fam 2. Masu sayen buhu duk da mota suke zuwa. Maigidana ya ce mu koma kusa da manyan kantuna inda fakin kyauta ne. Saura shekara biyu hayata ta ƙare. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Shawarata kada ki tashi yanzu. Damuwarki tana kan hanya, don wanda zai ɗauki buhun shinkafa mai kilo 20 da jarkar manja ba zai hau bas da su ba. Amma har yanzu ba ki san nawa wannan ƙarin zai ci miki ba, kuma tashi daga shago yana da tsadar da za ki iya lissafawa tun yau: ragowar hayar shekara biyu, kuɗin ajiya na sabon wuri, jigilar firiza da kantoci, sannan kwastomomin da suka saba biyowa ta ƙofarki da ƙafa, waɗanda ba za su bi ki bayan gari ba.

Ki fara da sanin halin da hukumar take ciki, don shi zai nuna miki abin da za ki iya samu daga gare ta. Ƙananan hukumomin Ingila sun daɗe cikin matsi. Ofishin da ke binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya ce tallafin da gwamnatin tsakiya ke ba su ya ragu da kusan rabi tsakanin 2010 da 2018, alhali kuɗin kula da tsofaffi da yara marasa galihu, wanda doka ta ɗora musu, kullum ƙaruwa yake. Harajin gidaje kuma an ɗaure musu hannu a kai: a 'yan shekarun nan, hukumar da ke da nauyin wannan kulawa ba ta wuce ƙarin kashi 4.99 cikin ɗari sai da ƙuri'ar jama'a ko izinin gwamnati. Wasu sun durƙushe gaba ɗaya. Hukumar Croydon ta ce ba za ta iya daidaita kasafinta ba a 2020, Woking da Nottingham a 2023. Birmingham, wadda ita ce ƙaramar hukuma mafi girma a ƙasar, ta yi irin wannan sanarwa a Satumban 2023 saboda bashin daidaita albashin mata da maza da aka ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 760, aka kuma ba ta izinin ƙara harajin gidaje da kashi 9.99 a 2024. Hukumar da ke kallon wannan, in ta duba inda za ta samu kuɗi da sauri, injin tikitin bakin titi za ta fara gani. Gidauniyar RAC, mai bincike kan harkokin motoci da tituna, ta lissafa cewa rarar da hukumomin Ingila suka samu daga fakin a shekarar kuɗi ta 2018 zuwa 2019 ta kai fam miliyan 930.

Saboda haka in kuka je kuka ce a janye ƙarin baki ɗaya, da wuya a saurare ku. Abin da za ku riƙe shi ne minti 30 ɗin nan. Shi ne ran cinikinki. Mai sayen buhu ba awa biyu yake yi a shagonki ba. Ya shigo, kun gaisa, ya zaɓi doya, yaro ya kai masa kaya bayan mota, ya tafi. Ku ce wa hukuma ta ƙara wa mai ajiye mota tun safe har yamma, ta bar wa mai tsayawa kaɗan kyautarsa. Wannan magana ce da kansila zai iya karewa a zauren majalisa ba tare da ya rusa kasafin ba, kuma tana da hujja ko a fannin zirga-zirga, don gurbi ɗaya da motoci goma suka yi amfani da shi a yini ya fi wa titi amfani a kan wanda mota ɗaya ta toshe.

Doka ma tana ba ku wurin tsayawa. Dokar tsara zirga-zirgar tituna ta 1984 ta ba hukumomi ikon karɓar kuɗin fakin ne don su tsara zirga-zirga, kuma sashe na 55 ya taƙaita inda rarar fakin bakin titi za ta tafi: gyaran hanyoyi, sufurin jama'a, wuraren ajiye motoci da inganta muhalli. A 2013 babbar kotu ta yanke hukunci a kan hukumar Barnet da ke Landan, wadda ta ɗaga kuɗin lasisin fakin na mazauna unguwa daga fam 40 zuwa fam 100, takardar fakin ta baƙo kuma daga fam 1 zuwa fam 4. Kotun ta ce ba a halatta a ƙara kuɗin da nufin tara kuɗin shiga kawai ba, hukumar kuma ta mayar wa mutane kuɗinsu. Ba ina tura ki kotu ba ne, shari'a irin wannan ta fi ƙarfin aljihun shago ɗaya. Amma ki nemo rahoton da ma'aikatan hukumar suka rubuta wa kansiloli, yana shafinsu na intanet. Idan dalilin da suka bayar na fakin bakin titi bai wuce cike giɓin kasafi ba, ku rubuta wannan a takardar ƙorafinku, ku ambaci Barnet. Ki lura dai, filin ajiye motoci na hukuma wanda ba a kan titi yake ba, dokar ta fi sakar musu mara a kansa. Ana kuma buƙatar kowace hukuma ta wallafa lissafin abin da ta samu daga fakin da inda ta kashe rarar duk shekara, ki duba na garinku.

Lokaci yana da muhimmanci a nan. Shekarar kuɗinsu tana farawa 1 ga Afrilu, kuma dole su tsayar da harajin gidaje kafin 11 ga Maris, don haka jin ra'ayin jama'a yawanci a watannin sanyi ake yin sa. Da zarar an zartar, sanarwar kwana 21 kan isa a sauya farashi. Kada ki je ke kaɗai. Mai aski, mai sayar da nama, mai kemis da mai gyaran waya na titinku duk abu ɗaya ne ya dame ku, ko Bature ne ko ɗan Fakistan ko ɗan Somaliya. Ku haɗa takarda ɗaya da sa hannun kwastomomi, ku je zaman da kansilan mazaɓarku ke yi don ganin jama'a. Tun 2015 akwai ƙa'idar gwamnati da ta ba mazauna da 'yan kasuwa damar shigar da koke a sake duba tsarin fakin na yankinsu.

Abin da zai sa a ɗauki maganarku da nauyi shi ne alƙaluma, kuma su ne za su amsa wa maigida tambayarsa. Ki ajiye littafi kusa da injin kuɗi na tsawon wata ɗaya. Duk wanda ya biya, a tambaye shi da mota ya zo ko da ƙafa, a rubuta tare da abin da ya kashe da ranar. Sau da yawa mai shago yana zaton masu mota sun fi yawa, saboda su ne masu manyan saye da yake tunawa. Littafin zai gaya miki kashi nawa na cinikinki ke tafe a kan taya, da kuma ko Asabar ce kawai abin ya shafa.

Daga nan sai lissafin ko ki riƙa mayar wa kwastoma kuɗin fakinsa. Mu ɗauka ribarki fam 20 ce a kan cinikin fam 100. Wanda ya sayi kayan fam 60 ya bar miki fam 12. In kin cire masa fam 2 na fakin, saura fam 10, kuma ya dawo wata mai zuwa. Wanda ya sayi dunƙulen magi da attaruhu na fam 8 ribarsa ba ta kai fam 2 ba, in kin biya masa, daga uwar kuɗi kika cire. To ki sa iyaka, misali daga fam 40 zuwa sama, ki rubuta a ƙofa, a nuna tikiti ko shaidar biya a waya. Ki sa ainihin ribarki a lissafin, ba tawa ta misali ba, don ribar shinkafa ba ɗaya take da ta kayan miya ba. Ki riƙa shigar da wannan rangwame a littafinki saboda akanta ya gani lokacin haraji. Kuɗin fakin da kika biya a tafiyar kasuwanci, kamar zuwa sari, ana cire shi daga ribar da ake yi wa haraji. Tarar da aka ci ki ba a cirewa.

Sai ki rage minti nawa mai mota ke buƙata. Ya turo saƙon abin da yake so ta WhatsApp, ya biya, a ɗaure kayan a ajiye bakin ƙofa. Ga masu gidajen abinci da masu hidimar biki da suna, ki ware rana ɗaya a mako ta kai kaya gida, ki sa mafi ƙarancin saye. Idan babu gurbin lodi kusa da ke, ku saka buƙatarsa a takardar kokenku, don motar da ke kawo miki kaya ma tana buƙatarsa. Ki kuma gargaɗi kwastomomi a kan minti 10 na sassauci da aka kawo a 2015: bayan lokacin da aka halatta maka ya ƙare ake ƙirga shi, ba izinin tsayawa ba tikiti ba ne. Wanda aka manna wa takardar tara a ƙofar shagonki, ko da ya biya rabi cikin kwana 14, zai daɗe bai manta ba.

Maganar tashi kuwa, ki ɗauko yarjejeniyar hayarki ki duba ko akwai sharaɗin fita kafin wa'adi da kuma ranar sake duba kuɗin haya. Ki tambayi harajin shago na wurin da maigida ke so, domin shagon da ƙimar hayarsa a rajistar gwamnati ba ta wuce fam 12,000 ba yana iya samun yafiyar harajin gaba ɗaya idan shi kaɗai gare ki, kuma shagunan gefen manyan kantuna sukan wuce wannan iyaka. Idan an yi ƙarin kuɗin fakin ɗin, ki ci gaba da littafin nan wata shida ki kwatanta cinikin da na bara. In ciniki ya faɗi fiye da abin da rangwame da kai kaya suka iya tarewa, ki kai wa wanda ya ba ki hayar shagon alƙaluman ki nemi ragin haya a sabuntawa, kina kuma neman wani wurin a hankali kafin shekara biyun ta cika.